Toxic, harmful, fatal: amsar tambayoyinku kan rubutun kwalbar maganin feshi

Assalamu alaikum ƴan'uwa manoma. Tambayoyin wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato rubutun Ingilishi da ke jikin kwalaben maganin ƙwari da na ciyawa da ke shigo mana daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa. Mu nan Nijar wanda ya yi lakwal Faransanci ya karanta, kwalba kuma ta zo da Ingilishi, sai ka ga mutum ya dogara da abin da mai tebur ya gaya mishi a kasuwa kawai.

Wani mai lambun tumatir a Jiratawa ya ce: malam na ga kwalba biyu, ɗaya an rubuta very toxic ɗaya harmful, mai saidawa ya ce in ɗauki very toxic ɗin don ta fi ƙarfi, shin gaskiya ne?

Ɗan'uwa ba gaskiya ba ne, kuma wannan maganar ita ta fi damuna cikin duk abin da ake faɗi a kasuwa. Waɗannan kalmomi ba ƙarfin magani kan tsutsa suke aunawa ba. Kai suke yi wa magana, kai mai goye da famfon feshi a baya, da yaronka da ke ɗebo maka ruwa, da matarka da za ta wanke rigar. Suna faɗin yawan ɓarnar da maganin zai yi wa jikin mutum in ya sha ko ya shaƙa ko ya zubo mishi a fata. Ana iya samun magani mai very toxic ya kasa taɓa tsutsar da ke cikin ɗan tumatir, wani kuma mai sauƙin haɗari ya gama da ita, don kowane magani akwai ƙwaron da aka yi shi dominsa.

Kalmomin hawa-hawa ne. Fatal ita ce can sama, ma'ana kisa, in ka ga fatal if swallowed to kaɗan in ya shiga ciki zai iya kai mutum kushewa, a Faransanci mortel ke nan. Very toxic ma a wannan layin take a tsofaffin takardu. Sai toxic, guba ce sosai, toxique. Sai harmful, mai cutarwa, wanda Faransanci ke ce ma nocif. Caution ita ce ta ƙasa, a yi hattara. In kuma ka ga danger da manyan baƙaƙe to ya fi warning tsanani. Wanda bai iya karatu ba ya duba gindin takardar, akwai layin launi da ya zagaye ta: ja shi ne mafi haɗari kuma yawanci da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, sai ɗorawa, sai shuɗi, sai tsanwa. Wannan ya biyo rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa magungunan ne, aji Ia da Ib su ne ja, aji II ɗorawa, aji III shuɗi. Ni shawarata ga mai lambu, kayan da ake tsinka yau a kai kasuwa gobe a ci shi ɗanye kamar tumatir da salati da zogale, ka bar mai jan layi kwata-kwata, ba ka da kayan kariyar da ake aiki da shi da su, ga zafin Maraɗi ko an ba ka rigar ma ba ka iya jimre ta awa ɗaya.

Wani matashi daga wajen Madarunfa ya ce shi maganin ciyawa yake saye mai ƙone haki nan take, layin ɗorawa ne, ke nan babu damuwa ko?

Akwai damuwa babba ƙanena. Juya kwalbar ka nemi ƙananan rubutu inda aka sa active ingredient, nan ne sunan ainihin sinadarin yake, sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba na kasuwa ne kawai. In ka ga paraquat to ajiye ta. Aji II aka sa shi, shi ya sa kake ganin ɗorawa, amma kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum, huhu yake lalatawa a hankali cikin kwanaki kuma ba shi da makari, likita ma sai dai ya yi iya ƙoƙarinshi. Ƙasashen CILSS, ƙungiyar Sahel mai yaƙi da fari da Nijar ke ciki, sun hana shi, kwamitinsu na magungunan ƙwari da ke Bamako, CSP, shi ke da hurumin amincewa da maganin da za a saida a ƙasarmu, lambar NAFDAC da kake gani izinin hukumar abinci da magunguna ta Najeriya ce ba namu ba. Abin da ke tayar min da hankali shi ne yadda ake tsiyaya shi cikin gorar lemu ko ta ruwa a saida rabi-rabi, babu takarda babu komai, a kawo gida a ajiye bayan randa. Yaro ɗan shekara uku bai san bambanci ba, gorar da ya saba gani ce. Don Allah kar ku sake wa magani mazubi ko da wane iri ne.

Akwai kuma wasu kalmomin da ba matakin guba suke nunawa ba, irin cutar suke faɗi. Corrosive yana cin fata da ido. Irritant ƙaiƙayi da raɗaɗi. Flammable yana kama wuta, kar a ajiye kusa da murhu ko wurin da ake saida esansi. Toxic to fish ko toxic to bees, wannan ku masu noma bakin gulbi da tafkin Madarunfa ya shafe ku kai tsaye, kar a wanke famfo a ruwan da ake su ko dabbobi ke sha, kar kuma a yi feshi da hantsi lokacin da zuma ke kan fure.

Wata baiwar Allah daga Tibiri ta ce ta ajiye wake buhu huɗu, an ce ta yayyafa piya-piya ko ta sa ƙwayar nan da ake turawa cikin buhu, wanne ya fi?

Hajiya ko ɗaya ban ba ki shawara ba. Piya-piya sinadarinshi dichlorvos ne, wasu na rubuta DDVP, aji Ib yake wato jan layi, ba a yi shi don a zuba kan abin da za a dafa ba. Saboda ragowarshi a jikin wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015, to abin da wasu suka ƙi saye da kuɗinsu mu kuma mu dafa wa ƴaƴanmu? Ƙwayar kuwa aluminium phosphide ce, da ta ji danshin iska sai ta fara fitar da hayaƙin da ba a gani, shi ke kashe ƙwaron, kuma shi ke kashe mutum in buhun na ɗakin da ake kwana. A takardarta za ki ga fatal if inhaled, kisa ta hanyar shaƙa. Aikin manyan sito ne da waɗanda aka horar.

Ki nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro shi kuma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, nan Maraɗi sun yi aiki a kanshi sosai. Ki shanya waken ya bushe ƙayau, ki duba ledar ba huda, ki matse iska ki ɗaure kowace leda daban, ki ɗora kan katako nesa da ɓera. Ƙwaron iska yake rasawa ya mutu, ba digon magani, kuma buhun na yin shekara fiye da ɗaya in ba a huda shi ba.

Wani dattijo ya tambayi severe infestation da ya gani a takardar, wurin da aka rubuta awon magani. Baba wannan ita ce kaɗai a cikinsu da ke magana kan gonar, ma'ana ƙwari sun yi yawa ƙwarai, sai a ba ka awo na sama a cikin biyun da aka rubuta. Ba izini ba ne na ka ninka murfi biyu zuwa huɗu. Kusa da wurin ka nemi pre-harvest interval, kwanakin da za ka jira tsakanin feshi da tsinka, in an ce 7 to 7 ne ko da dillali na tsaye da mota.

Na ƙarshe, an tambayi abin yi in magani ya taɓa mutum. A fitar da shi daga gonar zuwa inda iska ke kaɗawa, a tuɓe kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da ruwa mai yawa da sabulu, ido kuma ruwa zalla ake ta zubawa kamar minti 15. In sha ya yi kar a ba shi nono ko madara ko manja, kar a sa mishi yatsa don ya yi amai sai in takardar ce ta ce a yi. Alamun gubar irin su piya-piya su ne dalalar miyau, zufa, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na wuya, kar a tsaya jiran a ga ko zai lafa. A kai shi likita mafi kusa nan take, kuma a tafi da kwalbar ko a ɗauki hoton takardarta gaba da baya a waya, don da sunan sinadarin ne ma'aikacin lafiya zai san allurar da ta dace.