Takalmi mai tsini da kayan mata na mai babbar ƙafa a Legas

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka fitowar mace a wasan barkwancin da kuke ɗauka a Agege, ƙafarka lamba 44 ce, kuma ka rasa takalmi mai tsini da zai shige ka. Dalili shi ne takalman mata yawanci a 41 ko 42 suke tsayawa, ga su da matsewa a gaba.

Fara da gwanjo. Kasuwar Katangua da ke Abule Egba ba ta da nisa da ku, can ake dacewa da manyan lambobi. In ba a samu ba, kai wa mai ɗinkin takalmi ya auna ƙafarka ya yi maka. Ni dai ba zan ba ka shawarar siririn dunduniya ba ko kaɗan, targaɗe yake jawowa. Nemi mai faɗin dunduniya, inci 2 ya isa, da maɗauri a idon sawu. Ka gwada da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura. A gida ka riƙa koyon tafiya: gajeren taku, dunduniya ta fara sauka, kar ka sunkuya.

Kaya kuwa, sayi atamfa yadi 6 a kasuwar Balogun ka kai wa tela, domin rigar kanti takan kama namiji a kafaɗa. Ɗaurin zani da na ɗankwali, roƙi yayarka ta koya maka.

Don Allah kar ka fito titi da shigar. Zuba a jaka, ka sauya a wurin ɗauka, saboda ba kowa zai tsaya jin cewa wasa ne ba.