Zan iya ɗora kekuna biyu a saman mota?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramar mota, kuma ina so in kai wa yarana kekuna biyu daga Kano zuwa Zariya, ga shi sun ƙi shiga but. Wani ya ce in sa mai walda ya haɗa mini kariyar ɗora kaya a sama, in ɗaure su da roba. Hakan ba matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kekuna biyu ba su fi ƙarfin rufin mota ba, ɗan'uwa, amma maganar walda da roba ban goyi bayanta ba. Ƙarfen tsakiyar rufi falle ne siriri, ƙarfinsa yana gefe, a kan ginshiƙan ƙofofi. Shi ya sa kariyar kamfani take da sanduna biyu a gicciye, masu kama bakin ƙofa ko wurin da aka tanada musu. Walda kuwa tana cin fenti, damina na zuwa tsatsa ta samu gurbi.

Ka duba littafin motarka ka ga nauyin da aka yarda rufin ya ɗauka. A yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne zuwa 75, kuma da nauyin kariyar kanta ake lissafi. Tsohon keken ƙarfe irin Phoenix yakan kai kusan kilo 20. Mariƙin keke, wato ƙarfen da ake kafawa a kan sandunan ya riƙe keke a tsaye, irin na kamfanin Thule samfurin ProRide ma iyakarsa kilo 20 ke nan, don haka mai keken lantarki ya nemi wata hanya, galibinsu sun wuce haka.

Abin da ya fi nauyi haɗari shi ne iska da tsayi. Keken da yake tsaye a sama yana tare iska, kana ƙara gudu tana ƙara fizgarsa, balle in tirela ta gifta ka. Roba tana miƙewa ta dawo, to kowane rami ka faɗa sai keken ya yi tsalle, tun yana gogar fenti har ya sulluɓe. In ya faɗo a kwalta, wanda ke bayanka ne zai kwashe shi. Ka nemi bel mai ƙugiya, wanda ake ɗamewa ya ƙi sakewa, ka kama firam da tayoyin biyu. In ba ka da mariƙi, ka kwantar da kekunan a kan sandunan, ka cire feda, ka sa bargo ko kwali a tsakaninsu. Ni na fi son haka ma a hanya mai ramuka.

Batun tsayi kuwa, mota kusan mita ɗaya da rabi ce, keke a tsaye ya ƙara mata fiye da mita ɗaya. Direba yakan manta, ya dawo a gajiye ya danna cikin get ko ƙarƙashin rumfa. Ga kuma wayoyin lantarki da ke lilo a lunguna. Ka manna takarda kusa da sitiyari ka rubuta "akwai keke a sama". Abin dariya ne a ido, amma ya fi sayen sabon gilashi sauƙi.

Kafin ka tashi ka cire fitila, famfo da gorar ruwa. Bayan tafiyar kamar minti goma ka tsaya ka girgiza kekunan da hannu, domin a nan ne bel yake fara sassautawa, sannan ka sake dubawa a Kwanar Ɗangora. Ka rage gudu, kada ka kai kilomita 100 a awa da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa motocin gida a babbar tagwayen hanya. Mai ma za ta ɗan ƙara sha, saboda haka in ka dawo ka kwance kariyar ka ajiye.