Wai da gaske tafiyar Trump ta fara wargajewa ne, kuma me 'yan adawa ke yi a kai?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni mai bibiyar siyasar Amurka ne sama-sama, to kwanan nan kullum sai in ga labarin rigima a gidan Trump, ya ɓata da Elon Musk, wata 'yar majalisa da ta fi kowa kare shi ta ajiye muƙami, ga batun takardun Epstein. Shin wannan irin abin da ya faru da PDP ne a 2013 kafin ta faɗi? Kuma su 'yan Democrat wace dabara suke yi don su ci moriyar rikicin, don ni dai ban ga suna wani kataɓus ba. Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, madalla da tambaya. Rigimar da gaske ce ba ƙirƙirar 'yan jarida ba ce, amma kwatancen PDP ɗin nan bai zauna ba, kuma in ka gane dalilin da ya sa bai zauna ba to ka gane rabin siyasar Amurka. A Nuwamban 2013 gwamnoni 5 ne suka kwashi kayansu suka koma APC, Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Amaechi da Abdulfatah Ahmed, kowa ya tafi da jama'arsa da tsarin jiharsa. A Amurka ba a yin haka, jam'iyyu biyu ne kacal masu tasiri, kuma ɗan Republican da ya ɓata da Trump ba shi da inda za shi, don masu zaɓensa ba za su bi shi Democrat ba, a kan zubar da ciki da bindiga da shige da fice sun yi hannun riga da can ɗin. Abin da ke jiransa shi ne zaɓen fidda gwani, Trump ya tsayar masa da wani ya kayar da shi tun a cikin gida. 'Yan majalisar wakilai 10 na Republican ne suka kaɗa ƙuri'ar tsige Trump a Janairun 2021, biyu kawai suka dawo majalisa bayan zaɓen 2022, Liz Cheney kuwa, ɗaya daga cikinsu, kayen da ta sha a zaɓen fidda gwani na Wyoming ba a magana. To kowa ya ga wannan, shi ya sa masu guna-guni suke da yawa amma masu ficewa ba su da yawa.

Ita tafiyar MAGA, wato tafiyar magoya bayan Trump, tun asali haɗin gambiza ce. Akwai 'yan Amurka-farko irin su Steve Bannon da Tucker Carlson masu ƙin baƙi da ƙin yaƙe-yaƙen waje, akwai attajiran fasaha irin su Musk da ke son a rage dokoki da haraji a kuma bar su su kwaso ƙwararru daga ko'ina, akwai Kiristoci 'yan bishara da Isra'ila ke gabansu, akwai tsoffin 'yan jam'iyya masu son kasuwa a buɗe, ga mutanen Robert Kennedy ƙarami masu shakkar allurar rigakafi. Sai kuma rukunin da ba a cika jin muryarsu ba amma su suka kawo nasarar 2024, 'yan asalin Latin Amurka da samari da ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi waɗanda tsadar rayuwa ta zamanin Biden ta kora, har da wasu Larabawa Musulmi na Dearborn a Michigan da fushin Gaza ya sa suka juya wa Kamala Harris baya. Trump ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 312 ita kuma 226, amma a ƙuri'ar gama-gari bai ma cika kashi 50 ba, tazarar kusan kashi ɗaya da rabi ce.

Tun kafin a rantsar da shi aka fara, a Disamban 2024 kan bizar H-1B ta ƙwararrun ma'aikata, wadda Indiyawa suka fi kowa samu. Musk da Vivek Ramaswamy suka ce kamfanoni na buƙatarta, Bannon da Laura Loomer suka ce ai cin amana ne, an zaɓe ku ku kare aikin ɗan ƙasa. Trump ya goyi bayan Musk a lokacin, sai ga shi a Satumban 2025 ya ɗora dala dubu 100 kan sabuwar bizar, wato kowane ɓangare an ba shi nasa a lokaci daban, kuma haka yake tafiyar da su dama. Faɗan Trump da Musk na Yunin 2025 ya fi kowanne ƙara, kan babbar dokar haraji da kashe kuɗi da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, wadda ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta za ta ƙara giɓin sama da dala tiriliyan 3 cikin shekara 10 ta kuma zaftare kuɗin inshorar lafiyar talakawa. Mutumin da ya kashe fiye da dala miliyan 250 a kamfen ya fito ya ce zai kafa sabuwar jam'iyya, to ina jam'iyyar take? Dokar ta wuce, da ƙyar dai, 51 da 50 a majalisar dattawa sai da mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama, Sanata Thom Tillis da ya ƙi ta kuwa a ranakun ya sanar ba zai sake takara ba.

Batun waje ya fi zurfi a ganina. Da Amurka ta kai hari kan cibiyoyin nukiliyar Iran na Fordo da Natanz da Isfahan a Yunin 2025, Tucker da Bannon da Marjorie Taylor Greene duk sun ja, tun ma kafin harin Tucker ya titsiye Sanata Ted Cruz a hira yana tambayarsa yawan mutanen ƙasar da yake son a kifar da gwamnatinta bai sani ba. Ƙasan wannan akwai tambayar Isra'ila, matasan masu ra'ayin riƙau da yawa yanzu suna tambaya me ya sa ake ba ta biliyoyin daloli duk shekara, abin da a da ba a isa a furta a jam'iyyar ba. Da Tucker ya gayyaci Nick Fuentes shirinsa a Oktoban 2025, mutumin da ya shahara da ƙin Yahudawa ƙarara, Kevin Roberts, shugaban Heritage, cibiyar nazarin manufofi ta masu ra'ayin riƙau, ya kare Tucker, cibiyar ta rikice mutane suka riƙa ajiye aiki, Ben Shapiro ya fito da zafi. Charlie Kirk, jagoran matasa masu ra'ayin riƙau da aka harbe a Utah ranar 10 ga Satumban 2025, yana cikin 'yan ƙalilan da ke iya magana da ɓangarorin biyu, rashinsa ya sa abin ya ƙara fitowa fili. Mu ma nan abin ya taɓa mu, don matsin lambar ɓangaren 'yan bishara da irin su Ted Cruz na cikin abin da ya sa Trump ya mayar da Najeriya jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini a ƙarshen Oktoba, har aka kai ga harin da sojojin Amurka suka kai jihar Sakkwato ranar Kirsimeti, duk wannan daga shugaban da ya yi kamfen da cewa ya gaji da shiga rigingimun wasu ƙasashe.

Yanzu ga inda 'yan adawa suka shigo, kuma batun Epstein shi ne darasin da ya fi kowanne. Shekaru mutanen MAGA ne da kansu suke cewa akwai manya da ake ɓoyewa a badaƙalar Jeffrey Epstein, attajirin da aka tuhuma da safarar ƙananan 'yan mata ya mutu a kurkuku a 2019. Kash Patel da Dan Bongino da aka ba shugabancin FBI suna cikin masu yayata maganar, sai ga ma'aikatar shari'a a Yulin 2025 ta fitar da takarda cewa babu wani jerin sunayen abokan hulɗa, a rufe zance. Magoya baya suka ji an raina musu hankali. Abin da 'yan Democrat suka yi daidai a nan shi ne ba su sa kansu a gaba ba, Ro Khanna na California ya haɗa kai da Thomas Massie ɗan Republican na Kentucky, suka bi wata ƙa'ida ta majalisar wakilai da ke ba da dama in mutum 218 suka sa hannu a tilasta kaɗa ƙuri'a ko kakakin majalisa bai so ba. Duk 'yan Democrat suka sa hannu, 'yan Republican 4 suka bi, Massie da Greene da Lauren Boebert da Nancy Mace, hannu na ƙarshe na Adelita Grijalva ce ta Arizona wadda aka yi kusan mako 7 ba a rantsar da ita ba bayan ta ci zaɓe. Da Trump ya ga ba makawa sai ya juya ya ce a zaɓi dokar, ranar 18 ga Nuwamba aka kaɗa 427 da 1. Ka lura, abin ya yi aiki ne saboda alƙawarin MAGA ne aka tuna musu da shi, kuma nasu ne suka ja gaba. Greene, 'yar majalisar da ka ambata, ta biya farashi, Trump ya kira ta maciya amana, ta sanar da barin majalisa daga 5 ga Janairun 2026.

Amma kar ka ɗauka 'yan Democrat suna da wata dabara ɗaya da suka zauna suka tsara, su ma gidansu a rabe yake. James Carville tsohon mai tsara kamfen ɗin Bill Clinton ya ba da shawara tun Fabrairun 2025 cewa su kwanta su yi kamar sun mutu su bar Republican su cinye kansu. Bernie Sanders da Alexandria Ocasio-Cortez suka ce a'a, suka shiga zagayen gangami har jihohin Trump suna cewa gwamnatin attajirai ce. Chuck Schumer, jagoran sanatocin Democrat, ya ba da ƙuri'a aka wuce da kasafin Republican a Maris ɗin 2025 magoya baya suka kusa cinye shi, a kaka kuma suka tsaya kan tallafin inshorar lafiya gwamnati ta tsaya cik kwana 43, mafi tsawo a tarihin ƙasar zuwa lokacin, ƙarshe sanatoci 8 daga ɓangarensu suka sare ba tare da an sabunta tallafin ba. Ga zanga-zangar ba-mu-son-sarki ta Yuni da Oktoba, ga gwamna Gavin Newsom da ya rama sake shata mazaɓun da Republican suka yi a Texas da nasa a California. Dabarar da aka gwada a 2024 ta jawo manyan 'yan Republican masu ƙin Trump, har Harris ta riƙa hawa dandamali da Liz Cheney, ba ta kawo komai ba, don waɗannan mutanen janar-janar ne marasa sojoji.

Ni abin da nake ganin ya fi muhimmanci, kuma shi ne ba ya cika fitowa a kanun labarai, shi ne wancan rukunin na sabbin masu zaɓe. Tucker ko Bannon duk ihun da za su yi masu sauraronsu ba za su zaɓi Democrat ba, iyaka su zauna gida. Amma mai aikin gini ɗan asalin Mexico ko Dominika da ya zaɓi Trump don farashin ƙwai da haya, ya wayi gari kaya ba su sauka ba, ga harajin kwastam da aka lafta tun Afrilun 2025, ga jami'an shige da fice suna kame a unguwarsu, wannan ba shi da wata tsohuwar biyayya ga jam'iyya. Zaɓukan 4 ga Nuwamban 2025 sun nuna haka, Abigail Spanberger ta ci gwamnan Virginia, Mikie Sherrill ta ci New Jersey da tazarar sama da maki 10 kowacce, gundumar Passaic mai yawan 'yan Latin da Trump ya ci a 2024 ta koma hannun Democrat, a Disamba Miami ta zaɓi magajin gari 'yar Democrat karon farko cikin kusan shekara 30. Zohran Mamdani da ya ci magajin garin New York ɗan gurguzu ne, su Spanberger masu matsakaicin ra'ayi ne, ba sa jituwa a abubuwa da yawa amma duk kamfen ɗinsu kan tsadar rayuwa aka gina shi, haya da wuta da asibiti. Manoman waken suya da China ta daina saye a hannunsu na watanni, da makiyayan da suka fusata kan shirin ƙara shigo da naman Ajantina, su ma suna ƙorafi, sai dai su kam na gida ne, da wuya su sauya sheƙa.

Sai ka haɗa da tarihi, jam'iyyar shugaba mai ci kusan kullum tana asarar kujeru a zaɓen rabin wa'adi, 1934 da 1998 da 2002 ne fitattun lokutan da aka saɓa, kuma Republican da kujeru 220 da 215 suka fito daga zaɓen 2024, don haka 'yan kujeru kaɗan Democrat ke buƙata a Nuwamban 2026 su karɓi majalisar wakilai. Wannan ba ya nufin MAGA ta mutu, a 2018 ma sun rasa majalisar kuma ga inda muke. Babbar matsalar tafiyar ita ce kundin tsarin mulki bai ba Trump damar wa'adi na uku ba, kuma shi kaɗai ne zai ce wa attajiri e yau ya ce wa Bannon e gobe kowa ya haƙura. Yawancin faɗan da kake gani na gado ne, wa zai riƙe jam'iyyar a 2028, Vance na ƙoƙarin kada ya ɓata da kowane ɓangare, har yana kauce wa tsine wa Tucker yayin da su Cruz ke nuna suna kan ɗaya gefen.

In kana son ma'aunin ko tsoron Trump ya fara raguwa a cikin gida, duba abubuwa biyu. A Disamban 2025 sanatocin jihar Indiana, inda Republican ke da rinjaye mai yawa, sun ƙi amincewa da sabuwar taswirar mazaɓu duk da matsin lambar da Fadar White House ta yi musu, ƙuri'a 31 da 19. Na biyu kuma Massie, wanda Trump ya tsayar wa da tsohon sojan ruwa Ed Gallrein ya ƙalubalance shi a zaɓen fidda gwani na Kentucky na Mayun 2026, a lokacin sauran 'yan majalisar Republican duk sun zuba ido kan wannan kujerar kafin su yanke shawarar ko za su iya buɗe baki.