Mako ɗaya a Biyetnam: ka tsaya a arewa

Malam, ka tambaya ko mako ɗaya zai ishe ka ka ga birane, gaɓar teku da duwatsun Biyetnam. Zai isa, amma kada ka haɗa arewa da kudu; jirgin ƙasa daga Hanoi zuwa Ho Chi Minh kan ci fiye da awa 30.

Ka sauka Hanoi, ka zaga tsohuwar unguwa da ƙafa. Masallacin Al-Noor yana titin Hang Luoc, a can za ka tambayi inda ake sayar da abincin halal, domin naman alade ya yi yawa a girkinsu. Daga nan ka kwana a jirgin ruwa a Ha Long, a gaɓar teku. Sai Sapa, inda gonakin shinkafa suke hawa-hawa a jikin duwatsu. A Satumba shinkafar take nuna. Ka riƙe rigar sanyi.