Amsa kan shirin hawan dutse a yini ɗaya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko wanda bai saba ba zai iya tafiyar kilomita 10, zuwa da dawowa, da hawan mita 600 zuwa ƙololuwar dutse a yini ɗaya. Zai iya, matuƙar ya yi lissafin lokaci tun daga gida.

Akwai ma'aunin da William Naismith, wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Bisa wannan, tafiyarka awa 3 ce, amma lissafin na mai ƙarfin jiki ne kuma bai haɗa da hutu ba, don haka ka ware awa 5.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne lokacin juyowa. Ka fita da sassafe, ka tsayar da sa'ar da za ka juya ko da kana hangen ƙololuwar da idonka, domin hadari kan haɗu a kan duwatsu bayan rana ta take. Ka kuma rage ƙarfi don saukowa, domin a nan ne gwiwa ke rawa, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmi.

Zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 na hawa, saboda haka ka ɗauki rigar sanyi, da ruwa aƙalla lita 2, da tocila. Kada ka sa sabon takalmi. Ka sanar da wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka.