Inda za ka ci ɗanyen kifi da jatan lande da araha a Mazatlan

Ɗan'uwa, ka ce za ka je Mazatlan a jihar Sinaloa ta ƙasar Meziko, kana neman kifin da aka kamo yau ba tare da aljihu ya ji jiki ba. To, ka bar unguwar Zona Dorada, can baƙi ake yi wa farashi.

Nufi titin Aquiles Serdan a tsakiyar gari. Akwai mata da ake kira changueras, sun jera manyan robobi cike da jatan lande cikin ƙanƙara, ana sayarwa kilo-kilo, ƙanana da manya. Ka taya, ka duba wanda jikinsa ke da tauri kuma ba ya wari. Wasu gidajen abinci na kusa za su dafa maka abin da ka saya a kan kuɗi kaɗan. A ganina wannan ya fi komai riba. Sai dai ka lura, daga wajen watan Maris zuwa Satumba ana hana kamun jatan lande a teku, don haka a lokacin na gona ko na firji za ka fi samu.

In kifi kake so, ka yi sammako zuwa Playa Norte inda masunta ke sauke kwale-kwale. Da rana ka hau jirgin fito zuwa Isla de la Piedra ka ci pescado zarandeado, kifin da aka tsaga aka gasa a kan garwashi.

Abincin da ake kira aguachile ɗanyen jatan lande ne, ba a dafa shi, lemun tsami da barkono ake zuba masa. In cikinka ba ya jurewa, ka ƙyale shi. Kuma ka tambaya kafin ka ci: sukan sa kitsen alade a wake, giya kuma a ƙullun suyar kifi.