Amsa ga Hajiya kan sitiroberin Jos

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki inda kika ce sitiroberin da kika saya a Kano makon jiya ya yi lugub kuma zaƙinsa bai kai na watan Janairu ba, kina tambaya ko mai kayan ya canza gona. Ni dai a fahimtata, abin da kike son sani shi ne ko cutarki aka yi, to ba a cuce ki ba, lokacinsa ne ya wuce.

Wannan abu ɗan sanyi ne, shi ya sa ake nomansa a tudun Filato, wajen Vom da ƙauyen Chaha, inda ƙasar ta kai tsayin kusan mita 1,200 daga teku. Noman rani ne, da ban ruwa, kuma kakarsa tana kamawa ne daga Disamba zuwa wajen Maris. A tsakiyar hunturu rana tana haskawa sosai, dare kuma ya yi sanyi ƙwarai, sai ɗan ya nuna a hankali, ya tara zaƙi, ya yi tauri a hannu. Da zarar zafin bazara ya shigo, nunar sai ta zo da gaggawa, 'ya'yan su ƙanƙance, su yi laushi, idan kuma ruwan farko ya sauka a kansu sai funfuna ta kama su tun suna gona.

Akwai kuma abin da mutane ba su gane ba: ba kamar ayaba ko mangwaro ba ne da za ki ajiye ya ƙarasa nuna a ɗaki. Yadda aka tsinke shi haka zaƙinsa zai tsaya. Manomi yana tsoron hanya, sai ya tsinka tun wuyansa yana fari, ke kuma ki ci tsami.

Maganar hanya kuwa, har yau ban huce ba. Shekara biyu ke nan na ba wani direba kwali shida da asuba, na roƙe shi ya sa su a kujerar gaba, har na ƙara masa kuɗi, amma ya tura su but ya ɗora buhun dankalin turawa a kai. Kafin su isa, ruwan ja ya jiƙa kwalayen kamar an yanka kaza, kuma ya ce mini wai ai kayan gwari sun gaji haka. To, bari na bar wannan.

Na ce Maris ne ƙarshe, amma bari na gyara, ana samunsa har bayan nan, sai dai kaɗan ne kuma da tsada. Idan za ki sake saye, ki juya robar ki duba ƙasanta ko akwai danshi, ki ga hular ganyen tana kore shar, kuma kada ki wanke sai lokacin ci. Ki sa a firji, idan akwai wuta, kada ya wuce kwana biyu ko uku.